Bulus da Yakubu Sun Yi Saɓani Ne?

Duk Kirista mai karatun Littafi Mai Tsarki, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya ci karo da wannan ƙulli. Manzo Bulus, a wasiƙunsa ga Romawa da Galatiyawa, ya dage cewa ta wurin bangaskiya mutum ke samun karɓuwa a gaban Allah, ba don kiyaye Shari'ar Musa ba. Sai ga Yakubu a sura ta 2 ta wasiƙarsa yana ƙaryata bangaskiyar da ba a ganin aikinta. Abin mamaki, dukansu da Ibrahim suka kafa hujja.

Sai dai ba mutane iri ɗaya suke yi wa magana ba. Bulus yana fama da masu cewa dole wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin a lissafa shi cikin jama'ar Allah. Shi ya sa ya ɗauko Farawa sura 15, inda Ibrahim ya gaskata alkawari tun ba a yi masa kaciya ba. Yakubu kuwa yana kallon ikilisiyar da ake ba mai zoben zinariya wurin zama na alfarma, talaka a bar shi tsaye. Ɗan'uwa ya zo ba riga ba abinci, a sallame shi da fatan alheri kawai. Sai Yakubu ya ɗauko Farawa sura 22, ranar da Ibrahim ya hau dutse da Ishaku. Bulus ɗin ma ai bai naɗe hannu ba, shekaru ya yi yana tara gudummawa a Makidoniya da Korinti domin matalautan Urushalima.

A ganina, gardamar duk a kan wanne ke gaba ce tsakanin bangaskiya da aiki. Ɗan ƙodago yana noma don a biya shi da yamma. Ɗan gida ma yana noma, wani lokaci har ya fi shi zufa, amma ba noman ya mai da shi ɗa ba.

Wannan ƙullin ya taimaka wajen raba ikilisiyar Turai. A 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a Jamus yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, ana tara kuɗi don ginin majami'ar Bitrus a Roma. Martin Luther, malamin tauhidi a Wittenberg, ya fito da batutuwa 95 yana ƙalubalantar cinikin. An zarge shi da kashe wa mutane gwiwar aikin kirki, alhali a 1522 garin nasa ya kafa asusun taimakon gajiyayyu. Gaskiya dai bai cika son wasiƙar Yakubu ba. Da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, can wajen ƙarshe ya tura ta. Katolika suka ba da amsa a taron Trent a 1547: alherin Allah ne mafari, amma mutum yana ba da haɗin kai, kuma aikin da aka yi cikin alherin yana da lada.

Sai a ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan matsaya ɗaya: ceto kyauta ce ta wurin Almasihu, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke kiran mai bi zuwa ayyuka nagari. Methodist suka shiga a 2006. Tarayyar Lutheran ɗin ce Akbishop Musa Panti Filibus na ikilisiyar LCCN mai hedikwata a Numan ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. Batun lada kuwa, har gobe kowane ɓangare da irin bayaninsa, kuma akwai Lutheran masu ra'ayin riƙau a Amurka da suka ƙi amincewa da takardar gaba ɗaya.