Mawaƙan Boston masu shigar sarakai da hodar garin alkama

A watan Mayun 2024, daren bikin Met Gala na birnin New York, wata 'yar TikTok ta caɓa ado irin na matan fadar Faransa, ta saki bidiyo tana maimaita maganar da ake jingina wa Sarauniya Marie Antoinette, wai talakan da ya rasa burodi ya ci kek. A lokacin ana ruwan bama-bamai a Gaza. Jama'a suka fusata, aka yi gangamin toshe shafukan shahararrun mutane, ita kuma ta fito ta ba da haƙuri. Fushin yana kan hanya. Sai dai masu sharhi da yawa sun yi wa shigar kanta kuɗin goro, kamar duk wanda ya sa ta yana izgili ne ga mai jin yunwa.

Ba haka ba ne, kuma wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Boston da ke Amurka ta isa hujja. Sunanta The Upper Crust, ta fitar da faifanta na farko a 1995 mai suna Let Them Eat Rock. Kiɗansu na jita ne mai tsananin ƙara, salon AC/DC. Abin da ya bambanta su shi ne shiga: wando iya gwiwa, doguwar safa, riga mai leshi a wuya da hannu, fuska fari fat da hoda, sai hular gashi irin wadda alƙalai da lauyoyin Najeriya suke sawa. Kowa da sarautarsa ta ƙarya. Jagoransu Nat Freedberg shi ne Lord Bendover, mai jitar bas kuma Count Bassie. Suna hawa dandali suna ɗaga hanci, suna yi wa 'yan kallo magana a wulaƙance kamar barorinsu, suna waƙar wahalhalun mai dukiya. Akwai waƙarsu ta wani mai hali da ke tutiyar cewa shi abokin abokin talaka ne. 'Yan kallon sun san sarai da wa ake.

Ɗaya daga cikin makaɗan, Ted Widmer, wanda ake kira Lord Rockingham, masanin tarihi ne da ya yi karatu a Harvard. A 1997 ya ajiye jita ya tafi fadar White House yana rubuta wa Shugaba Bill Clinton jawabai.

Tarihin da ke ƙarƙashin wannan wasa shi ne aka fi sakaci da shi. Babu wata shaida da ta nuna Marie Antoinette ta faɗi waccan magana. Jean-Jacques Rousseau ne ya kawo labarin a littafinsa Confessions, ya jingina shi ga wata gimbiya da bai ambaci sunanta ba, kuma ya rubuta sashen tun sarauniyar tana yarinya a ƙasar Ostiriya. An haife ta a 1755, ba ta taka Faransa ba sai 1770. Amma yunwar gaskiya ce. A 1775 an yi tarzomar gari a kewayen Paris saboda tsadar hatsi. Ranar 5 ga Oktoban 1789 dubban mata 'yan kasuwa suka tako da ƙafa daga Paris zuwa fadar Versailles suna neman burodi, washegari suka tasa sarki da iyalinsa zuwa birni. A 1793 aka fille kan sarkin da na sarauniyar.

Sannan a duba hodar nan da kyau. Farar hodar da manyan Turai suke barbaɗa wa hular gashinsu a wancan zamani, da sitacin alkama ake yin yawancinta. Bara ne yake tsayawa yana busa ta a kan maigida, shi kuma ya rufe fuska kada ta shaƙe shi. Abin da talaka ke bin layi ya samu ya yi burodi, shi wani yake zubawa a ka don ado. A 1795, shekarar da hatsi ya yi tsada a Ingila, gwamnatin William Pitt ta ɗora haraji a kan masu sa hoda, kuma daga nan yayin ya fara mutuwa. Shekara 200 cif bayan haka mawaƙan Boston suka dawo da ita dandali don su tozarta girman kan da ta tsaya a kai.

To bambancin a fili yake. 'Yar TikTok ta yi nata ne a gefen bikin masu kuɗi, dariyar tana sauka a kan talaka. Mawaƙan Boston kuwa sun juya ta sama.

Hausawa ba baƙin wannan hikima ba ne, da wawan sarki da 'yan kama da wasannin tashe duk sun sha faɗa wa manya gaskiya cikin raha. Shi ya sa abin da ya faru a Kano a Nuwamban 2022 yake da ciwo, lokacin da kotu ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara da sharar harabar kotu, saboda bidiyon ba'a ga gwamnan lokacin. Masu mulki su daina tura 'yan sanda kan masu barkwanci. Su saurari abin da ake yi wa dariyar, su gyara shi.