Masu sauraren kukan ƙanƙara bisa duwatsun Turai

Ranar Laraba 28 ga watan Mayu na shekarar 2025, da ƙarfe 3 da minti 24 na marece, na'urorin auna girgizar ƙasa na ƙasar Suwis suka rubuta wata girgiza mai ƙarfin 3,1. Amma ba ƙasa ce ta motsa ba. Gulbin ƙanƙarar Birch ne ya ɓalle daga bisa dutse, ya binne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen Blatten. Mutanen garin, su wajen 300, an kwashe su tun ranar 19 ga wata, har da shanu da tumaki. Mutum ɗaya ne ya rasa ransa.

Ga wanda bai san ƙanƙara ba sai wadda ake saidawa cikin leda lokacin azumi, sai a yi bayani. A duwatsu masu tsananin sanyi, dusar ƙanƙara tana tarawa shekara bisa shekara har ta daskare, kaurinta ya kai ɗaruruwan metir. Nauyinta kan sa ta gangara sannu a hankali kamar gulbi, tana tsagewa, tana gurzar dutsen da ke ƙarƙashinta. Kowace tsagewa tana aika ƴar girgiza cikin ƙanƙarar. Masana sun daɗe da kwaɗayin sauraren wannan kuka, domin ido ba ya isa ƙarƙashin, alhali can ne ake yanke hukuncin ko ƙanƙarar za ta tsaya ko za ta sulale.

Wahalar farko ita ce girke na'urar. Bisa dutse, injiniya na kafa ta da siminti ya yi tafiyarsa. Bisa ƙanƙara kuwa, wurin da aka aza ta yana narkewa santimetir da yawa kowace rana lokacin zafi. Na'urar da aka binne tsaye a farkon mako, sai a tarar da ita a ƙarshensa ta karkace, ko tana kwance cikin ruwa. Na'urar da ta karkace kuwa shaidar zur take bayarwa. Sanyi na shanye ƙarfin batir, dusa na rufe allon hasken rana, ga kuma ramuka masu zurfi da ke ɓoye ƙarƙashin ƙafar masu aikin. In an haƙa rami mai zurfi an saka ta, an huta da narkewa, amma ƙanƙarar na iya tafiya da wayar har ta tsinke ta.

A shekarar 2018, masana na jami'ar Grenoble a Faransa sun shimfiɗa na'urori 98 bisa ƙanƙarar Argentière, kusa da dutsen Mont-Blanc, tsakaninsu tazarar metir 40 zuwa 50, aka bar su wajen kwana 35. Ƙanana ne, irin waɗanda masu neman man fetur ke jerawa bisa ƙasa, kamar yadda aka yi a yankin Agadem. Ko a wannan ɗan lokaci sai da narkewar dusa ta tilasta aka sake binne su. Amma wahalar ta biya: daga gurnanin ruwan da ke gudu a ƙarƙashin, sun gano hanyoyin da yake bi, ƙasa da ƙanƙara mai kaurin fiye da metir 200.

Wahala ta biyu ta fi ta farko: fassara abin da aka ji. Mai sauraren ƙanƙara kamar mutum ne da ya tsaya tsakiyar kasuwa ranar cinta yana son ya ji raɗar mutum biyu a wata rumfa. Tsagewar sama tana zuwa ɗaruruwa ko dubbai a rana, ita ce ta fi ƙara, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani. Ruwan narkewa na ruri tun daga hantsi har dare. Iska, faɗuwar duwatsu, jirgi mai saukar ungulu, duka suna shiga cikin rubutun. Muryar da ake nema, wato ta sulalewar gindin ƙanƙara bisa dutse, ita ce mafi rauni. Kuma girgiza na ratsa ƙanƙara da saurin kusan kilometir 3,8 a daƙiƙa. Kuskuren kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa a agogon na'ura ya isa ya gusar da lissafi da kusan metir 4.

Ko ƙarfin girgiza na iya ruɗar da mutum. A Antartika, ƙanƙarar Whillans kan zabura kusan sau biyu a rana, ta yi gaba kamar rabin metir. A lissafi, motsin ya kai girgiza mai ƙarfin 7, amma da yake yana ɗaukar wajen rabin awa, wanda ke tsaye bisanta ba ya jin kome.

Akwai sabuwar dabara. A watan Maris na 2019, ayarin Fabian Walter na babbar makarantar kimiyya ta Zurich ya shimfiɗa wayar gilashi, irin ta intanet, mai tsawon kilometir 1 bisa ƙanƙarar Rhône. Ana harba haske cikinta, sai kowane ɗan yanki nata ya zama kunne. Kunnuwa sun yawaita, amma rubutun da suke tarawa ya fi ƙarfin idon mutum, sai an koya wa kwamfuta tankaɗe shi.

Gaskiya ɗaya dai ba ta da daɗin faɗi: ba kunne ne ya ceci mutanen Blatten ba. Ido ne. An ga dutsen Kleines Nesthorn yana tsagewa yana zubo tarkace bisa ƙanƙarar, aka sa masa na'urorin hoto da rada, hukuma ta ba da umurnin tashi. Na'urorin girgiza sun rubuta faɗuwar dalla-dalla, amma lokacin da take faruwa. A shekarar 1965, lokacin da ƙanƙarar Allalin ta faɗa wa ma'aikatan madatsar ruwan Mattmark, a wannan jiha ta Valais, ba a kwashe kowa ba, mutum 88 suka mutu. Ƙanƙarar Suwis kuwa ta rasa kashi 10 cikin 100 na girmanta a shekarun 2022 da 2023 kaɗai, kuma har yanzu akwai ƙauyuka da ke kwana ƙarƙashin abin da ya rage.