Tsadar Fetur da Ban Ruwan Mangwaro a Fadamar Argungu

Shinkafa ce ke da suna a fadamar Gulbin Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, musamman tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Mangwaro yana gefe, a bakin gona ko cikin garka. Duk sanda aka tayar da inji don shinkafa ko albasa, sai a karkato masa tiyo, kwami ya cika har ya tumbatsa.

Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sauya wannan lissafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kuma ba ta tsaya nan ba. Dole mai garka ya fara auna ranakun da zai tayar da inji.

Abin farin ciki, bishiyar mangwaro ba ta cutu ba. Babban mangwaro yana son a bar shi da ƙishi daga ɗaukewar damina a Oktoba har ya yi fure cikin hunturu. In aka shayar da shi a wannan tsakani, sabon ganye yake tofowa, fure ya ƙaranta. Buƙatarsa tana tasowa ne bayan 'ya'ya sun ɗaura, suna kamar ƙwayar gujiya, har zuwa zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40. Ƙishin wannan lokaci ne ke zubar da ƙananan 'ya'ya tuli a gindin bishiya. In nuna ta gabato sai a rage ruwa, don zaƙi ya kama. Sabon dashe kam ba ya jure wannan horo.

Ana kuma tsimin ruwa idan aka haƙa kwami daidai bakin inuwar bishiya, inda ƙananan saiwoyi suke, aka zuba ruwan da yamma, aka rufe ƙasar da ɓuntun shinkafa, wanda Argungu ba ta rasa shi.

Damuwa tana ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana da ke yaɗuwa yanzu. Ya sauke wa manomi nauyin fetur, kuma ya cancanci yabo. Amma wanda ba ya biyan kuɗin lita yana iya barin tiyo na kwarara tun hantsi har la'asar. Ga shi kuwa rijiyoyin fadama ba su da zurfi. Ambaliyar damina da ruwan da madatsar Goronyo ke saki ne ke ciyar da su, kuma daga cikinsu dubban masu shinkafar rani ke ja.