Basirar da Ta Shige Cikin Kilobait 1

A 1981 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da ƙaramar kwamfutar gida mai suna ZX81, wadda ake haɗawa da talabijin, ana adana aikinta a kaset. Ma'ajiyarta kilobait 1 ce, wato gurbin haruffa 1,024, bai ko kai rabin wannan rubutu ba. Duk da haka a 1982 David Horne ya rubuta mata manhajar wasan ces, darar Turawa, cikin bait 672 kacal, kwamfutar tana zaɓen motsinta da kanta. Peter Jennings na Kanada ya riga shi da Microchess a 1976, a kan na'urar KIM-1. A ganina darajar waɗannan ayyuka ta wuce burgewar ƙanƙanta. Su ne suka ba mutumin da ba masani ba damar buɗe cikin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya ga yadda aka ɗinka ta.

Lokacin, mujallu da littattafai ne ke buga manhaja layi bayan layi, mai karatu ya zauna ya kwafe ta da hannunsa a harshen BASIC. Wanda ya sha wannan wahala ba a yi masa rufa-ido. A 1977 mujallar Creative Computing ta Amurka ta buga wani nau'in ELIZA, manhajar hirar da Joseph Weizenbaum ya bayyana a 1966 a jami'ar MIT, mai kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya kwafe ta zai ga cewa ba ta fahimtar komai: tana laluben wata kalma a cikin jimlarka, ta juya "ni" ta koma "kai", ta mayar maka da zancenka a matsayin tambaya, idan kuma ta rasa abin kamawa sai ta ce ka ci gaba da bayani. Weizenbaum kansa ya damu ƙwarai da ya ga mutane suna zayyana wa manhajar sirrin zuciyarsu, har ya rubuta littafi a 1976 yana jan kunne. Akwai kuma wasan Animal, da ke cikin littafin wasannin BASIC na David Ahl, wanda ya fi ba ni sha'awa. Kai ne za ka ƙudurce wata dabba a ranka, kwamfuta ta yi ta tambayoyin e ko a'a. Idan ta kasa canka, sai ta nemi sunan dabbar da tambayar da za ta bambanta ta da wadda ta ambata, ta ajiye don gaba. Koyo ne na gaske, ko da yake ɗan ƙarami, kuma ɗalibin sakandare zai iya bin sawunsa daga farko har ƙarshe.

Za a ce ai waɗannan kayan wasa ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Manhajar Horne ba ta ma san wasu dokokin ces ba, kamar ƙarin girman da ɗan soja ke samu idan ya kai ƙarshen allo. Amma dabarar da Claude Shannon ya shimfiɗa a 1950, ta gwada motsi, a hango martanin abokin karawa, a ba kowane yanayi maki, ita ce ginshiƙin manhajar Sargon da Dan da Kathe Spracklen suka ci gasa da ita a Kalifoniya a 1978, ita ce kuma kwamfutar Deep Blue ta faɗaɗa ta kayar da zakaran ces Garry Kasparov a 1997.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa manhajojin hira na yau ba a kan dokokin da mutum ya rubuta suke tafiya ba, daga tarin rubutu suke koyo, don haka tsohon darasi bai shafe su ba. Hanyar ta canza, amma raunin da Weizenbaum ya gani a jikin mutum yake, kuma yana nan: mukan ɗauki daɗin zance a matsayin shaidar fahimta. Yaron da ya kwafi ELIZA a kwamfutar Commodore 64 yana da maganin wannan a gabansa, domin ya san layin da ke haifar da kowace amsa. Mai hira da manhajar zamani a wayarsa ba shi da layin da zai duba, kuma ko masu ƙera ta ba sa iya bayyana dalilin kowace amsa da ta bayar.