Jirgin ƙasa mai tururi: ko zai koma bakin aiki?

A watan Agusta 1968 Ingila ta sallami kawunan jirgi masu tururi daga manyan hanyoyinta. Amma a shekarar 2008 masu sha'awar aikin da suka ƙera wani sabo ful a garin Dalintan, suka sa masa suna Tornado. A watan Fabrairu 2017 ya yi kwana 3 yana jan taragan fasinja tsakanin Sikiftan da Afulbi, bisa lokutan da aka tsara, da tikiti irin na kullum. Mutane kuwa suka yi dafifi.

To, aikin kwana 3 dabam yake da na shekara. Cikin ƙarfin da gawayin ƙasa ke bayarwa, da ƙyar kashi 10 cikin 100 ke isa ga ƙafafu. Injin gazuwal kan ba da ninkin haka sau 3. Sai an hura wuta awoyi kafin tashi, a kwashe toka, a wanke tukunya. Tashoshin yau ba su da tankunan ruwan da, sai mota ta kawo. Da rani kuma tartsatsi kan kunna wa ciyawar gefen hanya wuta, har hukuma ta dakatar da irin waɗannan jiragen.