Mutum-mutumi a Bakin Majinyaci: Ina Rabon Mutumin Kunci?

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Kunci, idan haƙori ya tasar wa manomi da tsakar dare, abin da ke kusa shi ne kanumfari, ruwan gishiri mai ɗumi, sai ƙwayar kemis. In fuska ta kumbura, maganar ɗaya ce: "A cire shi a huta."

Alhali sau da yawa haƙorin yana cetuwa. A cikinsa akwai ɓargo mai jijiya da jini, wanda ke bin wasu siraran hanyoyi har ƙasan saiwa. Idan ruɓa ta kai can, likita kan huda haƙorin, ya kwashe abin da ya lalace, ya wanke da magani, ya cike, sannan a yi masa hula; wannan shi ne wankin jijiya. Wuyar aikin tana ga hanyoyin nan. Turmin haƙori kan ɗauki uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe, wasu shekaru sun toshe su. Hannu ya ɗan goce, an fasa saiwa.

Wannan gocewar ce mutum-mutumi ya zo magancewa. Ana ɗaukar hoton muƙamuƙi ta kowace fuska, a zana hanya a kwamfuta, sai na'urar ta riƙe mahudin, ta hana shi kauce wa zanen. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar Yomi ta kamfanin Neocis, domin dashen haƙori. A 2017, a birnin Shiyan na ƙasar Sin, wata na'ura ta dasa wa wata mata haƙora biyu, likitoci na tsaye suna lura. Wankin jijiya da mutum-mutumi kuwa har yanzu yana matakin gwaji.

To, ina rabon mutumin Kunci? Ƙwararrun wannan aiki suna birni, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyon likitancin haƙori. Kafin mutum ya haɗa kuɗin mota, ya bar gona da damina, kogon da ciko zai wadatar ya riga ya kai jijiya. Jinkiri ke cinye haƙoran karkara tun kafin a zo batun ƙwarewar hannu.

Saboda haka buƙatar farko ita ce kujerar haƙori da ma'aikacinta a asibitin ƙaramar hukuma, da duba bakin yara a makarantun firamare, da haɗa asuwaki da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Haƙorin da aka cike da wuri ba ya neman mutum-mutumi.