Kayan Kano da Kayan da Suka Ratso ta Kano

A ranar 7 ga Yulin 2019, a birnin Yamai, Shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda aka fara ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Alkawarinta shi ne a janye kuɗin fito sannu a hankali daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya. Sai dai rangwamen na abin da aka noma ko aka sarrafa a Afirka ne kawai, kuma jami'in kwastan a tashar Tema ko Mombasa ba zai gane haka da ido ba. Takardar shaidar asalin kaya yake nema. Mutane da yawa na ɗaukarta a matsayin wata wahalar ofis, alhali ita ce ke riƙe da yarjejeniyar baki ɗaya.

Riɗi da zoɓo da citta ba su da gardama, tunda ƙasar nan ce ta fitar da su. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan masana'anta. Mai kamfanin takalma a Kano na iya sayen fata a majema, amma sol da gam da zare daga Sin suka zo. Dole ya baje lissafinsa: nawa ya kashe a kayan waje, nawa a na gida, nawa a ladan ma'aikata. A tsarin rangwamen kuɗin fito na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya fara da amfanin gona a 1979 ya haɗa da kayan masana'antu a 1990, ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne aikin gida ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na darajar kayan a bakin masana'anta, kuma sai kwamitin ƙasa ya tantance kamfanin da kayansa tukuna. Sauya buhu ko manna sabon tambari ba ya mai da kayan waje na gida.

Wani zai ce ai wannan shinge ne aka cire ta ƙofa aka dawo da shi ta taga. Mai wannan magana ya tuna shinkafar Asiya da ake saukewa a Kwatano a sulalo da ita Najeriya. Ita ce babbar hujjar rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, rufewar da aka fara wata guda kacal bayan sa hannun Yamai. Da gwamnati ta kasa rarrabe kayan maƙwabta da na fasa-ƙwauri, sai ta yi musu kuɗin goro, mai albasa da mai wake a Illela da Jibiya da Maigatari suka ɗanɗana kuɗarsu. Ƙasar da ba ta da hanyar tabbatar da asalin kaya ba za ta bar ƙofarta a buɗe ba.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne na ƙaramin ɗan kasuwa, wanda cinikinsa a ka yake, ba a littafi ba. Shi ma dokokin sun rage masa hanya, ko da yake ba kowa ya sani ba. A ECOWAS, ɗanyen amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa buƙatar takardar asali, sai dai shaidar lafiyar tsiro ko dabba. A yarjejeniyar Afirka kuwa, in kayan ba su wuce dala 5,000 ba, mai fitarwa na iya rubuta shaidar asalin da kansa a jikin takardar farashi. Abin da ya rage aikin hukuma ne: a kawo ofisoshin bayar da takardar kusa da Dawanau da Maraɗi, a kuma hori jami'in kan iyaka ya mutunta takardar in an miƙa masa. Buƙatar ta ƙaru tun ficewar Nijar daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, domin ƙungiyar ta ce kayan Nijar za su ci gaba da samun rangwamen ne kafin a yanke wata shawara.